Kiwon aku a Kano: abincin da ke raya shi da wanda ke kashe shi

A gidaje da shaguna da dama na Fagge da Sabon Gari, ba baƙon abu ba ne a ga keji rataye a inuwa, aku na ciki yana kwaikwayon sallama ko ƙarar waya, a gabansa kuma gwangwanin gyaɗa da na ruwa. Mai tsuntsun yakan ɗauka cewa ya sauke nauyi, tunda akun yana ci, yana sha, yana surutu. Sai dai likitocin tsuntsaye sun daɗe da gano cewa rashin ingantaccen abinci na sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo ciwo da mutuwar aku a hannun masu kiwo. Tsuntsun da zai iya shekara 40 zuwa 60 idan ya samu kulawa yana iya mutuwa cikin 'yan shekaru, alhali kwanonsa bai taɓa rabuwa da abinci ba.

Haɗarin iri biyu ne. Akwai abin da ke kashewa cikin sa'o'i, kamar fiya da cakulan. Akwai kuma abin da ke ci a hankali, wato ciyar da aku gyaɗa da hatsi zalla wata da watanni. Na biyun ya fi yawan ɓarna, domin ba ya ba da tsoro. Wannan maƙala ta tattara abin da ilimin likitancin tsuntsaye ya tabbatar, ta kuma auna shi da kayan da ake samu a kasuwannin Kano.

Daga ina aku ya fito, me yake ci a can?

Akun da aka fi sani, mai launin toka da jar wutsiya, ba tsuntsun ƙasar Hausa ba ne. Mazauninsa kurmi ne: dazuzzukan Kuros Riba da Edo da yankin Neja Delta a Najeriya, da Kamaru da Gabon da ƙasashen Kwango. Tsawonsa kusan santimita 33, nauyinsa kuma tsakanin giram 400 da 500. A kurmi yana yini yana shawagi daga bishiya zuwa bishiya, yana cin 'ya'yan itatuwa iri-iri da ƙwayoyinsu da furanni da ɓawon itace. Abin da ya fi so shi ne jan naman kwakwar manja. A wasu dazuzzukan Kamaru da Afirka ta Tsakiya an sha ganin garkensu na sauka ƙasa suna tsinkar laka da ciyawa a bakin fadama, inda suke samun sinadaran da 'ya'yan itace ba su da su.

Ɗayar da aka saba gani a keji ita ce tsirya, koriya mai doguwar wutsiya, wadda take 'yar gida ce a dajin Arewa. Ita ta saba da gero da dawa da 'ya'yan itatuwan daji, saboda haka ta fi aku jure abincin hatsi, ko da yake ita ma hatsi kaɗai ba ya isar ta.

Bahaushe ya san aku tun da daɗewa ta hanyar fatauci, har Abubakar Imam ya mai da shi mai ba da labari a littafinsa Magana Jari Ce da aka buga a ƙarshen shekarun 1930. Amma sanin hikimar aku daban, sanin cikinsa daban. Tsuntsun da aka raba da kurmi aka kawo shi garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afirilu, aka sa shi a kejin da ba ya iya buɗe fuka-fukai sosai, ba shi da wata hanyar cike giɓin abincinsa sai abin da mai shi ya zuba masa.

Gyaɗa: abin so mai haɗari

Kano garin gyaɗa ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta zama dukiyar gari, har aka riƙa gina dalarta da buhuna a zamanin su Alhassan Ɗantata. Tana da araha, ba ta lalacewa da wuri a ido, aku kuma yana sonta matuƙa. Don haka ta zama abincinsa na yau da kullum a gidaje da yawa. Matsalarta uku ce.

Ta farko mai. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Akun kurmi yana ƙona mai da tashi mai nisa, na keji kuwa yana tara shi a hanta da jijiyoyin jini. Ƙarshen abin shi ne hanta mai kitse, da toshewar jijiyoyi, ciwon da aka san yana yawan kama aku mai launin toka idan ya manyanta. Haka ƙwayar sanfulawa take, wadda ake sayarwa cikin leda a matsayin abincin aku.

Ta biyu guba ce da ake kira afulatoksin. Wata fumfuna ce ke samar da ita a jikin gyaɗa da masara idan ba a busar da su sosai ba, ko aka ajiye su a wuri mai laima. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar gurɓatacciyar masara. Ba ta da wari, suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya, kuma tsuntsaye na cikin halittun da ta fi yi wa illa. Tana lalata hanta sannu a hankali. Girman matsalar a Najeriya ne ya sa cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta ƙirƙiro maganin Aflasafe da manoma ke watsawa a gona. Abin takaici, gyaɗar da aka tsince daga ta mutane, mai baƙi-baƙi da motsattsiya, ita ce sau da yawa ake cewa a ba tsuntsu, alhali ita ce ta fi ɗauke da gubar.

Ta uku ɓawo ne. Ɓawon gyaɗa kan ɗauki ƙwayoyin fumfuna, aku kuma yana shaƙar su yayin da yake fasawa. Suna iya tsira a huhunsa da jakunkunan iska da ke cikin jikinsa, su haifar da ciwon numfashi mai wuyar magani.

Wannan bai haramta gyaɗa gaba ɗaya ba. A mai da ita lada: ƙwaya biyu ko uku a rana, ɓararriya, sabuwa, mai tsabtar da mutum zai ci da kansa, ba gishiri. Ƙuli-ƙuli kuwa a bar shi, domin ya haɗa suya da gishiri da yaji, kuma ba a san irin gyaɗar da aka yi shi da ita ba.

Cututtuka biyu da hatsi zalla ke jawowa

Gero da dawa da masara abinci ne mai kyau, amma suna da ƙarancin abu biyu da aku ba ya rayuwa sai da su.

Na farko sinadarin kalsiyam, mai gina ƙashi da daidaita aikin jijiyoyi. Aku mai launin toka ya yi suna wajen saurin rasa shi a jini. Alamar ita ce rawar jiki, rashin ƙarfin ƙafa, faɗowa daga sandar da yake tsayawa, sai kuma farfaɗiya. Ƙananan da ba su gama girma ba ƙafarsu takan lanƙwashe. Jiki ba ya iya amfani da kalsiyam sai da bitamin D, shi kuma hasken rana ne ke samar da shi a fatar tsuntsu. Hasken da ya ratso ta gilashin taga ba ya yin wannan aiki. Akun da ke cikin shago ko ɗaki dare da rana yana cikin haɗari ko da abincinsa na da kyau. Maganin mai sauƙi ne a gari kamar Kano: a fitar da keji hantsi na rabin sa'a, a rufe rabinsa don ya samu inuwar da zai koma, a shigar da shi kafin rana ta take.

Na biyu bitamin A. Shi ke kiyaye lafiyar fatar cikin baki da hanci da maƙogwaro. Idan ya yi ƙaranci, sai a ga atishawa, hanci na toshewa da busasshen majina, farare-fararen ƙuraje a cikin baki, ido na kumbura, gashi ya dusashe. Ƙurar hunturu takan ƙara tsananta lamarin. Mai kiwo yakan zaci mura ce, ya sayo maganin kaji ya zuba a ruwa, alhali tushen ciwon na cikin kwanon abinci.

Abincin da ya dace

A ƙasashen da kiwon aku ya bunƙasa, likitoci na ba da shawarar a sa dunƙulallen abincin aku na kamfani ya zama mafi yawan abin da yake ci, a cika da ganye da kayan marmari. Wanda ya samu irinsa, bai wuce wa'adi ba, ya yi dace. Amma yana da tsada a nan, kuma abincin kaji ba ya maye gurbinsa. Na kajin ƙwai musamman an cika shi da kalsiyam fiye da abin da ƙodar aku za ta ɗauka, wasu kuma ana haɗa su da magunguna.

Abin farin ciki, kusan duk abin da ake buƙata yana nan a Kasuwar Sabon Gari, wadda aka sa wa sunan Abubakar Rimi, da kasuwar kayan gwari ta 'Yankaba, da ta 'Yan Lemo a Na'ibawa. Ma'auni mai sauƙin riƙewa shi ne: kusan rabin kwano dafaffen hatsi da wake, fiye da sulusi ganye da kayan lambu, ɗan abin da ya rage kayan marmari, sai ƙwayoyi masu mai a matsayin lada.

- Hatsi: gero, dawa, masara, acca, alkama da shinkafa 'yar gida wadda ba a goge ta fari tas ba. A wanke, a dafa ba gishiri ba mai. Ɗanyar masara a jikin totuwa tana ba shi abinci da aikin yi.
- Wake: a jiƙa, a zubar da ruwan, a dafa har ya yi laushi. Shi ne ke cike sinadarin gina jiki da hatsi ya gaza. Waken suya ma sai an dafa shi sosai.
- Kayan lambu masu launin ja da ruwan lemo: karas, kabewa, dafaffen dankalin Hausa, tattasai. Su ne maganin ƙarancin bitamin A.
- Ganye: zogale ne kan gaba, domin ya haɗa kalsiyam da bitamin A, ga shi a gidaje da yawa. Sai kabeji da koren wake da kuɓewa. Alayyafo yana da amfani, amma a riƙa tsallake kwanaki, domin yana ɗauke da sinadarin da ke riƙe kalsiyam. Latas da kokwamba ba sa cutarwa, sai dai ruwa ne mafi yawansu.
- Kayan marmari: gwanda, mangwaro, gwaba, ayaba, kankana, abarba, lemo, da tuffa idan an cire 'ya'yanta. Gwanda da mangwaro sun fi amfani. Kaɗan ake bayarwa saboda zaƙi. Dabino kuwa sai jefi-jefi.
- Kwakwar manja: 'yan kasuwar Kudu da ke Sabon Gari kan kawo ta. Ƙwaya ɗaya mai kyau, wadda ba ta fara ruɓewa ba, sau biyu ko uku a mako ta wadatar. In ba a samu ba, a ɗiga ɗan manja mai kyau a kan dafaffen hatsi. Abincinsa ne na asali, amma mai ne, a yi hattara.
- Ƙwai: ɗan yanki na dafaffen ƙwai sau ɗaya ko biyu a mako. Ɓawon ƙwan da aka tafasa, aka busar, aka daka ya yi laushi, ana barbaɗa ɗan kaɗan a abinci don ƙarin kalsiyam. Riɗi ma yana taimakawa, ɗan tsunkule.

Game da barkono, gaskiya ne aku yana cin attarugu ba ya jin zafi, domin tsuntsaye ba sa jin sinadarin da ke ƙona bakin mutum. Ɗanyen barkono ba ya cutar da shi. Amma zancen cewa barkono ko sukari ne ke buɗe masa baki ya yi magana ba shi da tushe. Abin da ke sa aku magana shi ne ƙoshin lafiya da yawan hira da shi. Yajin da aka daka da gishiri da ɗanɗano kuwa ba nasa ba ne.

Masu kiwon tattabaru, waɗanda suke da yawa a Kano, su lura da wani bambanci. Tattabara tana haɗiye ƙwaya da ɓawonta, don haka tana buƙatar tsakuwa a ƙundu. Aku yana ɓare ƙwaya kafin ya haɗiye, ba ya buƙatar tsakuwa, yawan cinta ma yana iya toshe masa ciki. Haka kuma haɗin jar ƙasa da gishiri da kanwa da ake yi wa tattabaru bai dace da shi ba.

Abin da ba a ba aku ko kaɗan

Ƙa'idar fahimtar wannan sashe ita ce nauyi. Aku bai kai kilo ɗaya ba, bai ma kai rabinsa ba sau da yawa. Mutum mai kilo 70 ya ninka shi fiye da sau 140. Lomar da ba ta komai ga mutum, ga aku babban lamari ce.

- Fiya: ita ce mafi haɗari cikin kayan marmari. Naman da ɓawon da ƙwallon da ganyen duk suna ɗauke da guba mai suna fasin, wadda ke lalata zuciyar tsuntsu, ta tara masa ruwa a huhu. Tana iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma babu makarinta.
- Goro, shayi, kofi, cakulan da lemon kwalba mai launin baƙi: suna ɗauke da kafin ko ɗan'uwansa da ke cikin koko. Suna sa bugun zuciya ya rikice, jiki ya yi rawa, farfaɗiya ta biyo baya. A gidan da ake cin goro, a kula da ɓarɓashin da ake bari a faranti. Abin shan ƙara kuzari na gwangwani shi ma yana da wannan haɗari. Shayin safe mai madara da garin koko shi ma yana cikin wannan sahu.
- Barasa: ko 'yar kaɗan ce tana iya tsayar da numfashinsa. Masu ajiye aku a mashaya ko otal su hana baƙi yi masa wannan wasa.
- Albasa da tafarnuwa: ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsu idan ya ci da yawa ko ya daɗe yana ci. Tunda babu miyar da ba ta da albasa, wannan kaɗai ya isa hujjar hana shi ragowar miya.
- Gishiri da dunƙulen ɗanɗano: ƙodar tsuntsu ba ta iya fitar da gishiri mai yawa. Tsire, kilishi, taliyar leda, cincin, soyayyen dankali da gyaɗa mai gishiri duk su fita daga lissafi. Kanwa ma haka.
- Madara da nono: cikin tsuntsu ba ya narkar da sukarin madara, sai ya jawo zawo. Fura da nono ta haɗa wannan da sukari da yaji.
- Ɗanyen wake da ɗanyen rogo: ɗanyen wake na da sinadarin da ke ƙona hanji, dahuwa ce ke kashe shi. Rogo kuwa yana fitar da gubar sayanaid, wadda ake samu a 'ya'yan tuffa ma.
- Tsiron dawa: makiyaya sun san yadda ƙaramar dawa ke kashe shanu. Gubar ɗaya ce da ta rogo. Ƙwayar dawa lafiya lau ce, amma kada a tsirar da ita a ba aku.
- Dankalin Turawa da ya yi kore ko ya tsira, da ganyen tumatir da na gauta: suna da guba. Nunannen tumatir ɗan kaɗan ba laifi.
- Tsire-tsiren tsakar gida da bakin hanya: zurma, bini-da-zugu, zaƙami da tumfafiya duk masu kisa ne. Aku yana tauna duk abin da bakinsa ya kai, saboda haka kada a rataye keji kusa da su, kada kuma a yi masa sandar tsayawa da reshensu. Reshen gwaba ya fi aminci.

Sai wata ɗabi'a da ke kama da ƙauna: tauna abinci a ba aku daga baki. Yawun mutum na ɗauke da ƙwayoyin cutar da jikin tsuntsu bai saba da su ba. Shi ma aku yana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke sa wa mutum zazzaɓi da ciwon huhu, wadda ta fi tsanani ga tsofaffi da masu juna biyu.

Gubar da ke zuwa a ɓoye

Wani lokaci abincin halal ne ga aku, amma abin da aka zuba masa ne matsalar. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya. Wake ko hatsin da ke warin magani, ko mai farar hoda a jiki, kada ya kusanci kejin aku. A saya daga hannun wanda aka amince da shi, a wanke sau da yawa, a zubar da ruwan tafasar farko.

Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabaid, wanda masu walda ke amfani da shi. A wanke kayan marmari sosai, a ɓare ɓawon. Ganyen da aka noma da ruwan kwatami ko aka yi wa feshi shi ma sai an wanke shi da ruwa mai tsabta.

Mazubi ma yana da nasa haɗari. Wayar keji mai farin shafe da kwanon langa-langa suna ɗauke da sinadarin zin, tsohon fenti da gubar dalma, aku kuma yana gwaguyar su. Kwanon silba mai kauri wanda ba ya tsatsa ya fi gwangwanin madara ko na tumatir.

Huhun tsuntsu ya fi na mutum saurin zuƙar abin da ke cikin iska. Hayaƙin janareta, na gawayi, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, turaren wuta a rufaffen ɗaki, da tururin kaskon suya mai baƙin shafen hana kamu idan ya yi zafi fiye da kima, duk suna iya kashe aku cikin mintuna. Kicin ba wurin keji ba ne.

Ruwan sha ya zama wanda mai gida zai iya sha. A canza shi sau biyu a rana, domin aku yana jiƙa abinci a ciki. Dafaffen abinci da kayan marmari kuwa a kwashe su bayan sa'a biyu ko uku, musamman a bazara, kafin su yi tsami.

Yadda ake sauya masa abinci

Akun da ya shekara yana cin gyaɗa ba zai karɓi karas rana ɗaya ba. Yana da taurin kai da tsoron sabon abu, har yana iya zama da yunwa a gaban abincin da bai sani ba. Kada a yanke masa tsohon abinci farat ɗaya. A fara ba shi sabon da sassafe lokacin da yake jin yunwa, a kawo wanda ya saba da shi daga baya. A yayyanka kayan lambu ƙanana a cakuɗa da hatsi. A ci a gabansa, domin tsuntsu ne mai koyi da abokan zamansa. A riƙa rage gyaɗa kaɗan-kaɗan cikin makonni huɗu zuwa takwas. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙaramin sikelin kicin yana da amfani ƙwarai. A auna shi sau ɗaya a mako da safe. Idan ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, a dakata a nemi likita.

Yana da kyau kuma a sa shi ya wahala kaɗan kafin ya ci: a rataye masara, a soke karas a waya, a naɗe ƙwaya a takarda mai tsabta. Akun nan mai suna Alex, wanda masaniya Irene Pepperberg ta yi nazari a kansa a Amurka daga 1977 zuwa mutuwarsa a 2007, ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launi da siffa. Mai irin wannan ƙwaƙwalwa idan ya rasa abin yi, yakan koma fige gashin jikinsa.

Alamomin ciwo da matakin gaggawa

Aku yana ɓoye ciwo, domin a daji mai rauni ne abincin shaho. Duk lokacin da alama ta fito fili, ciwon ya yi nisa. A lura da waɗannan: tsuke jiki da tayar da gashi, zama a ƙasan keji, daina magana, amai, numfashi da buɗaɗɗen baki ko wutsiya na motsi da kowane numfashi, kashi mai ruwa ko kore shar ko mai jini, da kin cin abinci na yini guda.

Idan ana zargin ya ci guba, a cire abin daga gabansa, a ajiye ragowar don nuna wa likita, a sa shi a wuri mai ɗumi da duhu da shiru. Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri kamar yadda aka saba yi wa mutane da awaki. Ɗurar takan bi hanyar numfashi ta kashe shi kafin gubar. Kada a ba shi maganin mutane. A garzaya asibitin dabbobi. A Kano akwai na gwamnati a Gwale da Kundila, sannan Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana da sashen tsuntsaye.

Abin da doka ta ce

Kyakkyawar ciyarwa na da wata fa'ida da ta wuce gida ɗaya. Tsakanin 1975 da 2013 an fitar da aku mai launin toka fiye da miliyan ɗaya daga Afirka ta halastacciyar hanya, ban da waɗanda suka mutu a tarko da kan hanya. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992. A watan Oktoban 2016, taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannasbag ya sa shi a rukunin farko, wanda ya haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Najeriya na cikin yarjejeniyar, tana kuma da dokar kare halittu masu fuskantar ƙarewa tun 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, hukumar NESREA da jami'an kwastam ke aiwatar da ita.

Ma'anar wannan ga mai kiwo a fili take. Duk akun da ya mutu a keji saboda gyaɗa mai fumfuna ko lomar fiya, aka koma kasuwa aka sayo wani, to an buɗe ƙofar kamo wani daga kurmi. Wanda bai riga ya saya ba, ya yi tunani sosai kafin ya ɗauki nauyin tsuntsun da zai iya kai shi tsufa. Wanda kuma yake da shi a hannu, haƙƙinsa na wuyansa, kuma sauke shi bai fi ƙarfin aljihu ba: ƙullin zogale, karas biyu, kofin dafaffen gero da wake, ruwa mai tsabta, da rabin sa'a a hantsi.